Kwalbar Maganin Feshi Ba Ta Ruwan Wanke Hoto Ba Ce

Duk ma'abocin finafinan Hausa ya san irin koren filin nan na shinkafa, ruwa na gudana a gefe, jarumi da jaruma na rera waƙa. Irin wannan shimfiɗar ce ke jan 'yan fim zuwa hanyar Zariya, wajen Kura da Bunkure da Kadawa, har zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na wannan yanki a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

To amma akwai abin da kyamara ba ta nunawa. A bakin magudanan nan za ka ga kwalabe da jarkokin maganin feshi an yasar bayan an gama da su. Robar tana da kauri, murfin yana rufuwa gam, kuma kyauta ce. Shi ya sa jama'a kan ɗauka su zuba kananzir, wani lokaci har man girki ko ruwan sha. Mai wanke hoto ma, da ke neman inda zai adana ruwan aikinsa, idonsa zai iya kaiwa kansu. A nan gizo ke saƙa.

Mai karatu zai ce, ina ruwan fim ɗin Hausa da wanke fim? Gaskiya ne, tun daga Turmin Danya a 1990 a kaset ɗin bidiyo aka riƙa ɗaukar finafinanmu, ba kamar Shaihu Umar na Adamu Halilu ba, wanda aka ɗauka a 1976 a kan fim na silima. Sai dai hotunan fosta da na bangon kaset da waɗanda mujallu suka riƙa bugawa, kafin kyamarar dijital ta kankane harkar, duk sai da suka bi ta ruwan wanki. Har gobe akwai tsofaffin nagatif a akwatunan masu hoto, kuma duk wanda zai fitar da su a takarda ta hanyar da aka saba, ko ya ɗauki sabon hoto da fim, dole ya nemi wannan ruwa.

Manyan ruwan biyu ne. Na farko shi ne difelofa, mai fito da hoton da ke ɓoye a jikin fim, irin su D-76 na kamfanin Kodak, wanda ke kasuwa tun 1927. Na biyu shi ne fiksa, mai kafe hoton don kada haske ya ƙone shi. Difelofa ɗan gata ne, ba ya son iska, ba ya son zafi, ba ya son haske. A ƙa'idar Kodak, D-76 da aka haɗa yana kai wata 6 a cikakkiyar kwalba mai rufe, amma idan rabi ce, wata 2 kacal. Wannan ma a wuri mai sanyi ke nan, ba a shagon kwano a watan Afrilu ba. Da ya fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi, to ƙarfinsa ya soma tafiya.

Ke nan neman kwalba mai kyau wajibi ne, kuma sake amfani da tsohuwa ba laifi ba ne, muddin ta gida ce. Kwalbar da ta ɗauki difelofa ta ci gaba da ɗaukar difelofa, ta fiksa ta tsaya a fiksa, kowace da murfinta. Fiksa kaɗan ya isa ya lalata difelofa, kuma fim ɗin da ya lalace a wanki ya tafi ke nan. Ba za a sake tara jaruman a lokeshin don hoto guda ba. Ta gilashi mai duhu ta fi, domin gilashi ba ya shan magani. A ɗauraye ta da ruwan ɗumi sau da yawa, a sa burushi a fitar da dattin gindinta, a kife ta ta bushe. A cika ta har wuya, ko a raba ruwan a ƙananan kwalabe, a rubuta suna da ranar haɗawa, a ajiye a inuwa kusa da randa.

Akwai kuma wani ruɗani na suna. Tsofaffin masu hoto na kiran fiksa da haifo, a kasuwa kuma ga Hypo na wankin kaya. Sunan ne ɗaya, abin daban. Idan bilic ya haɗu da fiksa ko ruwan tsamin da ake tsayar da wanki da shi, yana tayar da iska mai shaƙe numfashi, ga shi ɗakin wanke hoto a rufe yake ruf. Don haka bilic ba ya cikin kayan wanke waɗannan kwalabe.

Ita kuwa kwalbar feshi, babu wankin da ke halatta ta. Roba na tsotse maganin, ya riƙa fitowa a hankali ko da wari ya tafi. Ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan a tankin feshi, sannan a huda ta don kada kowa ya sake amfani da ita. Mai hoto kuwa hannunsa na cikin ruwan nan kullum, a ɗaki marar taga.

Kuskure mafi muni shi ne akasin wannan, wato juye magani a gorar lemo ko ta ruwan sha. Maganin ciyawa na farakwat, wanda manoma suka fi sani da Gramoxone, ba shi da makari, kurɓa kaɗan na iya lalata huhu ya kai mutum kushewa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina amfani da shi tun 2007. Asalin launinsa ruwan ƙasa ne kamar lemon kwalba, shi ya sa aka riƙa zuba masa launi da wari don a bambance. Tsohon difelofa ma irin wannan kama yake yi. Yaro mai jin ƙishi da ya shigo shago ba ya karanta rubutu, gora kawai ya sani. Idan tsautsayi ya afka, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a tilasta masa amai; a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Sai batun zubarwa. Tsohon fiksa na ɗauke da azurfar da ya wanko daga jikin fim, kuma tana kashe kifi. Magudanar da aka tuttula shi ita ce ke shayar da tumatir da shinkafar da ake lodi zuwa kasuwa, a nan yara ke wanka, a nan shanu ke sha. A tara shi a jarkarsa mai suna, a nisanta shi da ruwa.

Saboda haka jan hankali ga masu hoto da furodusoshin da ke kwasar jama'a zuwa Kura da Bunkure: kowa ya tafi da ruwan shansa, kada a tsinci jarka a bakin gona, kuma a killace kwalaben wanki inda hannun yaro ba ya kaiwa. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah ya kiyaye.