Esi ya daina sanyi? Abin da za ki gyara da hannunki da abin da za ki bar wa mai gyara

Kin san irin daren nan na bazara, tsakanin Maris da Mayu, da kwanon rufi ke yini yana shan rana, da daddare ya sauke wa mutanen ɗaki duk zafin da ya tara. An kawo wuta bayan dogon jira, kin yi sauri kin kunna na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, kin kwantar da jariri. Minti goma, minti ashirin, na'ura tana ta huci amma iskar ɗumi take fitarwa. Yaro na ta mutsu-mutsu, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, maigida kuma yana gona ko ya yi tafiya.

A Kano ko Kaduna sai a ɗaga waya, mai gyara ya iso kafin a gama tuwo. A Kafur da garuruwan kewayenta irin su Masari da Gozaki, sau da yawa sai an nemo mai gyara daga Malumfashi ko Funtua, a biya masa kuɗin mota zuwa da komawa, kafin ma a zo maganar ladan aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar kaɗai ya zama abin lissafi. Abin takaicin shi ne, wani lokaci mutumin zai zo ya buɗe murfi, ya kakkaɓe ƙura, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Aikin da ke ma za ki iya cikin kwata ɗaya na awa.

Amma fa akwai wuraren da ba a taɓawa, domin a nan ne ake rasa na'ura, wani lokaci ma a rasa rai. Don haka abin da ya kamata ki sani shi ne inda iyakar take.

Yadda take aiki a taƙaice

Esin da ya fi yawa a gidajenmu kashi biyu ne: na cikin ɗaki da ke manne a bango, da na waje mai babbar fanka. Bututun jan ƙarfe biyu ne suka haɗa su, gas na zagayawa a ciki. Na ciki yana zuƙar iskar ɗaki, gas ya kwashe zafinta, ya kai wa na waje ya zubar. Ke nan na'urar kwasar zafi take yi tana fitarwa. Duk abin da ya toshe wa iska hanya, a ciki ko a waje, ya tsayar da aikin.

A yankinmu kuwa abin toshewa ba ya yankewa. Hunturu ya tafi ya bar ƙura a kowane lungu. Da kaka ana casar masara da dawa da shinkafa, ƙaiƙayi na tashi, ga burbushin auduga, ga gashin kaji. Na'urar ta yi wata uku ko huɗu a kashe lokacin sanyi, ƙadangare da ɓera da zanzaro sun mayar da ita gida. Sai ranar farko ta zafi a danna makunni a ce ta yi aiki kamar sabuwa.

Kafin ki taɓa komai

Kashewa da rimot bai wadatar ba. Ki zare fulogi daga bango, ko ki sauke makunnin da aka yi wa esin shi kaɗai. Kada ki ce ai an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a dawo da ita. Hannunki ya kasance a bushe, ki sa silifas na roba, yara su koma tsakar gida. In kina da juna biyu, ko sai an hau tsani za a kai ga na'urar, ki sa wani babba ya hau, ke ki tsaya kina nuna masa.

Fara da rimot

Abin dariya ne, amma an sha kiran mai gyara saboda batir. Ga dabara da wayar da ke hannunki: ki buɗe kyamara, ki saita kan rimot ɗin a gabanta, ki danna kowane maɓalli. In yana aiki, za ki ga ɗan haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar, hasken da ido ba ya gani. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ki gwada ta gaba. Babu haske, sai ki canja batir, ki goge tsatsar da ke wurin zamansa.

Sannan ki duba alamar da ke fuskar rimot. Yara kan yi wasa da shi su mayar da na'urar kan alamar fanka, ta riƙa hura iska kawai. Alamar sanyi ita ce mai kama da tauraron ƙanƙara. Ki mayar da ita can, ki sa lamba 24 ko 25, ki jira kamar minti biyar.

Ragar tace ƙura

Nan ne mafi yawan matsalar take. Ki ɗaga murfin gaban na cikin ɗaki da hannu biyu, zai buɗe ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba. Za ki ga raga biyu na roba. Ki ɗan tura su sama, ki zaro. In sun daɗe ba a taɓa ba, za ki same su kamar an shimfiɗa musu bargo.

Ki fita da su waje ki kakkaɓe, ki wanke da ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ban da ruwan zafi, ban da shanyawa a tsakiyar rana, domin robar takan lanƙwashe ta ƙi komawa mazauninta. Su bushe sarai a inuwa, sannan ki mayar. Lokacin ƙura ki riƙa yin haka duk sati biyu. Bayan sanyi da zai dawo, kin rage wa yara shaƙar ƙura, musamman mai asma ko mai yawan mura.

In kin buɗe kika tarar da ƙanƙara ta daskare a kan siraran ƙarafan da ke bayan ragar, kada ki ɓamɓare ta da wuƙa ko cokali. Huda ɗaya ta isa gas ya tsiyaye. Ki bar na'urar a kashe, ki shimfiɗa tsumma a ƙasa, ƙanƙarar ta narke da kanta. Toshewar raga na kawo wannan. In kin wanke kuma ƙanƙarar ta dawo, magana ta koma hannun mai gyara.

Ruwa na ɗiga a bango

Esi yana tatsar damshi daga iska, ruwan ya bi wani siririn tiyo ya fita waje. In kika ga yana tsiyaya a bango ko kan katifa, ki zagaya baya ki nemo bakin tiyon. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki, ko an lanƙwasa shi, ko bakinsa ya nutse cikin bokitin da ake tarar ruwan. Ki fasa ginin da ɗan tsinke, ki miƙar da tiyon ya kalli ƙasa. Wannan ruwan ya yi ban-ruwan shuka ko yayyafa wa tsakar gida, amma ba na sha ba ne, ba na girki ba ne.

Na waje

Shi ne maraya, ba mai leƙa shi. Ki duba ko an jingine masa buhunan hatsi, ko itace, ko an yi shanya a kansa. Yana buƙatar fili ta gaba da ta baya domin ya fitar da zafi. Bayan kin tabbatar wuta a kashe take, ki share ƙaiƙayi da ganye da buroshi mai laushi, kina bin tsawon ƙarafan daga sama zuwa ƙasa. Suna da kaifi kuma suna saurin lanƙwashewa, don haka a hankali. Ki zuba ruwa da buta a kan ƙarafan kawai, ki kauce wa gefen da wayoyi suka shiga. Ki ba shi awa ɗaya ko biyu ya bushe kafin a kunna. In rana na dukansa yini guda, a yi masa 'yar rumfa daga sama, a bar gefuna a buɗe.

Wani lokaci laifin wuta ne

Na'urorinmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. Katsina, tare da Kano da Jigawa, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, kuma duk mai zaune a gari irin namu ya san daren da ƙwai ke yin ja kamar garwashi. A irin wannan wutar, kwamfireso, wato injin da ke tura gas, zai yi gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, a ƙarshe ya ƙone. In kin ga wuta ba ta da ƙarfi, ki kashe esin, ki haƙura da fanka. Haka in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ki jira aƙalla minti uku kafin ki sake kunnawa. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da esin, ba irin na talabijin ba, ya fi sayen sabon kwamfireso sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙaramin janaretan nan da ake ɗauka da hannu ɗaya ba ya ɗaukar esi ko da mai ƙarfin doki ɗaya ne, domin lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci in yana tafiya. Kuma ko wane iri ne, kada a kunna janareta a ɗaki, ko zaure, ko gindin taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci, ɗakin esi kuwa a rufe yake ruf.

Inda za ki tsaya

Akwai abu uku da ba naki ba ne, ko da kin kalli bidiyo goma a YouTube.

Na farko, kafasita. Wani ɗan gwangwani ne a cikin na waje da ke taimaka wa inji tashi. Yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare fulogi, kuma yana iya jan mutum. In na waje yana gurnani amma fankarsa ba ta juyawa, wataƙila shi ne. Kada ki tura tsinke ki juya fankar, ki kashe ki kira mai gyara.

Na biyu, wayoyi. Warin ƙonewa, soket da ya yi baƙi ko ya narke, makunni da ke faɗuwa duk lokacin da aka kunna, ko jikin na'ura da ke ɗan jan hannu: duk waɗannan ki kashe daga babban makunni, kada a sake kunnawa. Masu ɗaure fis da zaren waya domin ya daina yankewa, gobara suke gayyata.

Na uku, gas. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Kada a yi miki wayo da "gas ya ƙare"

Ki riƙe wannan da kyau: gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar na girki. A rufe yake yana zagayawa, ba ƙona shi ake yi ba. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da zai ɗura miki sabo ba tare da ya nemo hudar ya toshe ba, zai dawo bayan 'yan makonni ya sake karɓar kuɗi.

Da kanki za ki iya ganin alama. Bayan na'urar ta yi minti goma sha biyar tana aiki, ki taɓa bututu mai kauri a inda ya shiga na waje, ban da wayoyi. In yana da sanyi har da raɓa, gas na nan. In kin ga maiƙo a mahaɗar bututun, ko ƙanƙara a kan siririn, akwai alamar yoyo. Idan mai gyara ya zo, ki ce ya shafa kumfar sabulu a mahaɗan, ya nuna miki ko ya nuna wa maigida inda take tasowa.

Sannan gas iri-iri ne, kuma ba a haɗa su. A gefen na waje akwai takarda da ke ɗauke da sunansa: R22, ko R410A, ko R32. R22 shi ne na tsofaffin na'urori da yawancin na gwanjo, kuma duniya na janye shi a hankali ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Ki tuna da haka in za a sayo na hannu a kasuwa. R32 kuwa yana iya kama wuta, don haka ba a yin walda ko kunna ashana kusa da shi sakaka. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki ki tura wa mai gyara ta WhatsApp tun kafin ya taso, tare da ɗan bidiyon ƙarar da na'urar ke yi. Hakan zai sa ya zo da kayan da suka dace, ba sai an biya kuɗin mota sau biyu ba. A yi ciniki kafin ya kwance kusa, kuma duk abin da ya canja ya bar muku tsohon.

Kafin mai gyara ya iso

Zafin nan ba abin wasa ba ne. A watan Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai maki 48.5, kuma jarirai da tsofaffi ne suka fi jin jiki a irin wannan yanayi. Ki buɗe tagogi da zarar rana ta faɗi, ki rataya jiƙaƙƙen zane a taga, ki rage wa yara tufafi, a yawaita shan ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba, ki yawaita ba shi nono. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya galabaita, ya daina fitsari, ko wuyansa ya sanƙare, asibiti za a nufa nan take, domin bazara lokacin sanƙarau ne.

Mai fanka ma ba a bar ta a baya ba. Ki kashe, ki goge fuka-fukan da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar da ke kansu na rage iska sosai. In fankar sama sai an tura ta da sanda take tashi, kafasita ce, mai gyaran wuta na unguwa zai canja ta cikin ɗan lokaci.

Ki sa wa kanki rana a ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama: a wanke raga, a share na waje, a duba tiyo, a kunna a gwada. In akwai matsala, lokacin masu gyara ba su yi wuyar samu ba tukuna. Wadda ta taɓa cin karo da wata matsalar da ba mu ambata ba, ta ba mu labari a ƙasa domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya ba mu bazara mai sauƙi, Ya raya mana zuri'a.