Ganin elastas daban, ganin aikinsa daban

Mugunyar da ke taruwa a bakin gyambo galibinta gawarwakin niyutirofil ne, wato fararen ƙwayoyin jinin da suka fi yawa a jikin ɗan Adam, masu rige-rigen isa duk inda cuta ta kutsa. Cikin makamansu akwai wani sinadari mai suna elastas, wanda aikinsa daddatsa furotin. Yana yayyanka ƙwayoyin cuta, amma idan ya wuce gona da iri sai ya afka wa zaren da ke ba huhu damar buɗewa da tsukewa. Mai taka masa birki shi ne wani furotin da hanta ke sarrafawa, alfa-1 antitirifsin. A 1963 Laurell da Eriksson, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, suka gano mutanen da ke da ƙarancinsa, suka kuma lura huhun wasunsu na lalacewa tun da sauran ƙarfinsu. Wannan ya sa sanin inda elastas yake, da irin ɓarnar da yake yi, ya zama babban al'amari.

Kayan aikin da aka fi dogara da shi wajen wannan farauta shi ne antibodi, furotin ɗin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya maƙale wa abu guda. Tun 1975, da Köhler da Milstein suka samo hanyar yin antibodi iri ɗaya tak a Kambirij ta Ingila, ya zama hajar kasuwa da ake saya a 'yar kwalba. Mai bincike zai fasa ƙwayoyin jini, ya jera furotin ɗinsu gwargwadon nauyi ta amfani da lantarki, ya kwafe su a kan wani farin fallen leda, ya jiƙa shi da ruwan antibodi. Idan baƙin layi ya fito daidai wurin da ake sa ran elastas, sai a ce an gan shi. To amma wannan layin shaida ne mai buƙatar a tantance shi kafin a karɓi maganarsa, domin elastas yana da 'yan'uwa biyu a buhu ɗaya cikin niyutirofil, furotinas 3 da katefsin G, masu kama da shi a siffa, nauyinsu ma kusan ɗaya.

Wani zai ce ai kamfanin da ke sayar da antibodin ya riga ya gwada, ga kuma tarin maƙalun da suka yi amfani da shi. Yawan masu amfani ba hujja ba ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna cewa wasu antibodin da aka yi aiki da su a fitattun maƙalu kan wani furotin mai suna C9ORF72 ba sa ma kama shi. A 2023 aka gwada antibodi 614 na furotin 65, fiye da rabi suka gaza a aƙalla gwaji ɗaya. Ba kan elastas aka yi waɗannan gwaje-gwajen ba, amma kasuwar ɗaya ce. Hanyar da suka bi kuwa mai sauƙin fahimta ce: a cire ƙwayar gadon da ke yin furotin ɗin, a sake gwadawa. Idan layin bai ɓace ba, wani abu dabam antibodin yake kamawa.

Ko da ya kama daidai, da sauran rina a kaba. Antibodi siffa yake gani, ba aiki ba. Elastas ɗin da antitirifsin ya riƙe kamar wuƙa ce a cikin kube: tana nan, amma ba ta yanka. Gwajin da ake yi a ruwan jini sau da yawa wannan haɗakar yake aunawa, don haka adadi mai yawa yana nuna niyutirofil sun zubar da kayansu ne, bai nuna ana cin huhu ba. Mai son sanin ɓarna dole ya ba sinadarin wani ɗan guntun furotin da ke canza launi idan an yanke shi, ya ga ko zai yanka.

Ƙorafin tsadar tantance antibodi gaskiya ne, don ba kowane ɗakin bincike ke iya cire ƙwayar gado ba. Sai dai akwai mafita mai rahusa: a jera tsantsar furotinas 3 da katefsin G a gefe, a saka ƙwayoyin da ba sa yin elastas, a kuma maimaita da antibodi na biyu mai kama wani ɓangare dabam na sinadarin.