Sadauki Da Waya Biyu: Fim Ɗin 'Yar Tsana A Zangon Wagadugu

Duk mai yara a zango ya san wannan magana. Ka tambayi ɗan shekara goma wane ne Spider-Man, zai ba ka tarihinsa tun daga ranar da gizo-gizo ya cije shi. Ka tambaye shi wa ya kashe macijin rijiyar Kusugu, sai ya tsaya yana kallonka. A nan Dassasgho, gabashin Wagadugu, yaranmu Faransanci suke yi a lakwal, yaren Mosi a titi, Hausa kuwa sai in uwa za ta aike su ko uba zai yi faɗa. Ƙwace waya ba ya magani, duk mun sani. Shi ya sa nake son mu duba wata dabara da ta fara shiga ran samari: su yi nasu fim ɗin sadauki da hannunsu, da 'yar tsana.

Turawa suna kiran wannan sana'a sitof moshin. Ni dai fim ɗin 'yar tsana nake ce mata. Ana tsayar da 'yar tsana a ɗauki hotonta, a ɗan motsa hannunta kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ɗauka, a sake motsawa. In aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai ido ya ga tana tafiya da kanta. Fim ɗin sinima hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, amma masu wannan aiki da yawa suna wadatuwa da 12. To ku yi lissafi irin namu na kasuwa: minti ɗaya hoto 720 ke nan, minti biyar kuwa 3,600. Jarin aikin waya biyu ne, wayar salula ta ɗaukar hoto da wayar ƙarfe ta ƙashin 'yar tsana. Sauran duk haƙuri ne.

Mutumin Tawa da ya riga mu

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942 a N'Dougou. Makaniki ne da farko, kuma tun yana yaro yake yanka kwali yana nuna wa jama'a wasan inuwa da fitila. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, Jean Rouch, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, zane ne mai motsi a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, labarin wani sadauki da gimbiya ta ɗora wa sharuɗɗa masu wuya kafin ta yarda da shi. Ya kuma yi Kokoa, kokawarmu ce ta gargajiya, amma kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ne a fage. Shekaru da yawa a Tawa yake zaune, yana da otel, a nan yake ɗinka 'yan tsanarsa. A garin nan namu Allah ya yi masa rasuwa, ranar 17 ga Maris 2015, kwanaki kaɗan bayan an rufe FESPACO na shekarar. Allah ya jiƙansa.

Akwai wani fim nasa na 1966 da ya kamata kowane uba ya gani, Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Tun wancan lokaci mutumin ya gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya sa sadauki ya fi wuya

A hutun damina ɗana na uku da abokansa biyu suka same ni a shago. Ya ce, “Baba, muna son ka ara mana ɗakin ajiya na sati uku, za mu yi fim.” Na ce fim ɗin me? Ya ce na jarumi mai tashi sama. Na ba su ɗakin da sharaɗi biyu: aiki bayan la'asar kawai, kuma kowace kalma a fim ɗin da Hausa. Daga zaman da na yi ina kallonsu na fahimci inda wahalar take.

'Yar tsana mai shan shayi a zaune ba ta da matsala. Sadauki kuwa dole ya yi tsalle, ya yi naushi, ya tashi, kuma a kowane hoto sai ya tsaya cak a tsakiyar motsin. Don haka ƙashinsa ake fara gyarawa: wayar alminiyam a ninka ta biyu a murɗa, a naɗe da soso, tela ya ba da ƙyallaye a yi riga. Ƙafafu a kafe su da ƙusa a jikin allo, in ba haka ba zai faɗi a hoto na arba'in a koma farko. Alkyabbarsa ana zura mata siririyar waya a bakin lafi, don ta tsaya kamar iska ce ta ɗaga ta. Tashi sama kuwa dabara ce mai sauƙi: a shimfiɗa shuɗin yadi a ƙasa, a kwantar da sadaukin, a ɗaure salula daga sama tana kallon ƙasa, sai a riƙa jan gajimaren auduga baya kaɗan-kaɗan. Naushi hoto uku ko huɗu ya ishe shi, amma ja da baya kafin naushin yana son hotuna da yawa, a nan ƙarfin yake fitowa.

Sai abokan gaba irin na ƙasarmu. Rana tana tafiya, inuwa tana canzawa, don haka a toshe taga a yi aiki da fitilar caji. Kuran yana yankewa, balle a watannin zafi, Maris zuwa Mayu. Yumɓun roba na 'yan makaranta yana laushi a zafin Wagadugu har fuskar jarumi ta zube, tsumma da kwali sun fi shi amana. Salula kuma kada ta motsa ko kaɗan. Manhajar Stop Motion Studio, wadda ake samun ta kyauta, tana nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, yaro ya ga iyakar motsin da ya yi.

A sati uku sun samu minti ɗaya da rabi, hoto dubu da ɗoriya. Da suka fara ƙorafi na ba su labarin Ray Harryhausen, wanda ya yi faɗan ƙwarangwal bakwai a Jason and the Argonauts na 1963. 'Yan mintoci ne a allo, amma ya ci masa fiye da wata huɗu.

Wane ne sadaukin?

Nan ne maganar take. In yaro zai ƙona sati uku, ya ƙona su a kan namu. Bayajidda ya iso Daura baƙo, ya tarar maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya sare shi. Baƙon da ya amfani garin da ya sauke shi, ai wannan labarin ɗan zango ne. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwoyinta. Ga Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kanta a nan Burkina aka ɗauke shi, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO, Dokin Yennenga, a 1987. Ita kanta Yennenga, kakar Mosawa, mahayiya ce mai mashi, kuma yaranmu da abokansu Mosawa suna iya yin nata tare. Yaran ɗakin ajiyata Bayajidda suka ɗauka, suka yi macijin da tsohon tiyon babur. Sai da suka je wurin kakarsu sau uku tana gyara musu labarin da Hausar, wannan kaɗai ya biya ni kuɗin ɗakin.

Maganar malamai da maganar aljihu

Na san abin da ke ran wasunku: sassaƙa surar mai rai. Magana ce mai nauyi, ba a wuce ta da dariya. Na tambayi malamin unguwarmu, na ce, “Allah gafarta Malam, ina matsayin wannan?” Ya tuna mini cewa ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, kuma malamai da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, wasu kuma sun tsananta in surar ta cika. Ya ba da shawara a bar fuska ba cikakkiya ba, kuma kada a kafe abin a ɗaki don ado. Rawani da amawali suka rufe fuskar Bayajidda, ya ma fi kwarjini. Kowa dai ya tambayi malaminsa.

Batun ci da kai kuwa, ba zan ce wa kowa yaronsa zai yi arziki da wannan ba. Amma muna zaune a garin da ake taron FESPACO tun 1969, garin da ke da makarantar fim ta ISIS da cibiyar Imagine da Gaston Kaboré ya kafa a 2003. Maƙeran tagulla na Niongsin kuma da kakin zuma suke fara siffanta kayansu, hannun da ya iya lanƙwasa waya ba zai rasa wurin koyo ba. Ko yaro bai zama ɗan fim ba, wanda ya iya zama ya ɗauki hoto 720 a jere ba tare da ya ture allo ba zai iya riƙe littafin bashi da lissafin kaya.

Shawarata ga iyaye, daga Kumasi har Abidjan: ku ba da ɗaki, ku ba da tsohuwar waya, ku sa iyaka ga lokaci don kada karatu da salla su taɓu. A fara da daƙiƙa talatin. A fara ɗaukar murya kafin hoto, kuma a kira tsofaffin gida su ba da labarin, tun suna nan. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su fi mu.