Ba kowane kumburin kunci ne hangum ba

Warin bakinta ne ya riga ta shigowa ɗakin duba marasa lafiya. Yarinya ce 'yar shekara uku daga wani ƙauye a gefen Babban Mutum, ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Kuncinta na hagu ya kumbura yana sheƙi, yawu na dalala. Kakarta ta ce, "Malam, hangum ne, mun shafa mata shuni." Na ce, "Iya, bari dai in leƙa."

Da na ɗaga leɓen da fitilar waya, sai ga dasashi ya yi jajur, gefensa ya zaizaye ya yi toka-toka, ana taɓawa sai jini. Hangum a gindin kunne yake tsayawa, ba ya cin dasashi, ba ya wari. Wannan noma ce, wadda mutanenmu ke kira ciwon iska ko ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. A wannan matakin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In aka yi sakaci har baƙin tabo ya fito a kunci, cikin 'yan kwanaki naman ya ruɓe ya huje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. A Disambar 2023 ta saka noma cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Asibitin noma na Sakkwato kuwa tun 1999 yake aiki, kuma kyauta ake gyaran fuska a can.

Akwai kumburin da ido da hanci ba sa isa, sai hoton ƙashi. Babba ne zai zo muƙamuƙinsa na ƙasa yana tasowa shekara da shekaru, babu zafi, haƙora na girgiɗi. In hoto ya nuna ƙashin ya zama rami-rami kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma, likita zai zargi tsiron da ake kira amelobilastoma, sai a yanki ɗan nama a tabbatar. Ruɓar haƙori kuwa 'yar baƙar da'ira take bari a ƙarshen saiwa a hoton. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yi wa irin wannan kumburi sakiya. Ciwon yana cikin ƙashi, ƙusa mai zafi ba ta kai masa, aikin asibitin koyarwa ne, Katsina ko Kano.

Yarinyar nan mai noma kuwa ta warke da fuskarta cikakkiya, saboda ta zo da wuri. Iyaye mata, idan kuna yi wa yaro wanka, ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi. Kun ga jini, kun ji wari, ku kawo shi a ranar.