Karen gadin sito: yawan ɗauri ba ya ƙara masa ƙwazo

Duk wanda ya ratsa bayan kasuwar Birnin Ƙonni ko ta Maraɗi da rana tsaka, zai ji su tun bai gan su ba. Karnukan gadi ne ɗaure da guntuwar sarƙa a bakin sito, suna haushi har murya ta dishe. Masu su suna da hujja, don sakin kare cikin gari kasada ce: ko ya ciji ɗan mutane, ko ya yi faɗa da karnukan bola ya kwaso ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

To amma shi ma ɗaurin yana da tasa illar. Wani mai sayar da shinkafa ya ba ni labarin yadda ya kulle karensa cikin sito ranar kasuwa, ya dawo da la'asar ya tarar buhuna a yage, shinkafa ko'ina. Ya zaci karen ya haukace, har ya fara shawarar kashe shi. Da likitan dabbobi ya duba, sai ya ce lafiyarsa lau, zaman wuri ɗaya ne ya ishe shi.

Ba abin mamaki ba ne. Karnukanmu na gida, balle irin na Azawak masu dogayen ƙafafu da Buzaye ke kiwo, an saba da su wajen bin zomo da barewa a daji. Ƙarfin da ke jikinsu in bai fita ta gudu ba, zai fita ta tauna kaya, tonon gindin katanga, ko cizo. Kuma karen da ya yini yana haushin kowa, ranar da ɓarawo ya zo ba mai leƙowa.

Maganin ba ya bukatar kuɗi, kuma cikin gida ake yin sa. Bayan sallar asuba, kafin a buɗe shago, a rufe ƙofar gida a kwance shi. A jefa masa ƙwallon tsumma daga zaure zuwa ƙarshen tsakar gida, ya ɗauko ya kawo, kamar minti ashirin. A sake yi bayan magariba. Kada a yi da rana, musamman a watan Afirilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake huce jikinsa, ga shi ƙasa mai zafi tana ƙona masa tafin ƙafa.

Abin da ya fi gajiyar da kare kuwa, a ganina, shi ne aikin hanci. Maimakon a zuba masa abinci a kwano ya lashe nan take, a raba shi kashi-kashi a ɓoye bayan turmi, ƙarƙashin tsohuwar taya, cikin kwali, a bar shi ya nema. Sai ka ga ya gama ya kwanta ya yi barci. A kuma koya masa "zo", "zauna" da "bari", ana ba shi ɗan abin tauna in ya yi daidai. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo.

In dole sai an ɗaure shi da rana, a ja waya mai ƙarfi tsakanin ginshiƙai biyu a inuwa, a saƙala sarƙar da zobe yadda zai riƙa kai da komo, ga ruwa kusa. A ba shi babban ɗanyen ƙashin sa ya yi ta gwagwiya, ban da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji. Masu sito su lura da maganin ɓera da suke ajiyewa tsakanin buhuna, yana kashe kare, haka ma yawan albasa a ragowar abinci tana lalata masa jini. Yara kuma a hana su tsokanar kare a ɗaure.

Duk da haka zaman gida ba ya maye gurbin allurar rigakafin ciwon hauka, wadda ake fara yi tun kwikwiyo yana da wata uku. In an yi rashin sa'a ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce asibiti a ranar.