Toron giwar da ya bar wa Turanci sunansa

Alhajin da ya taɓa hawa jirgin Boeing 747 daga Kano zuwa Jidda ya san ana ce wa jirgin "jumbo". Jaridun Najeriya ma in za su yi wa 'yan majalisa shaguɓe kan albashinsu, "jumbo pay" suke rubutawa. Kalmar nan sunan wani toron giwa ne, kuma daga Sudan ya fito.

Mafarauta ne suka kama shi yana ɗan ƙarami wajejen 1860. Ya zauna a gidan namun daji na Paris, sannan aka mayar da shi na Landan a 1865, inda ya girma har tsayinsa ya haura mita uku. Akan ɗaura masa wurin zama a baya, yara su ɗare su cika shi, ya riƙa zagawa da su cikin lambu, 'yan kallo na miƙa masa burodi yana karɓa da hancinsa. A 1882 wani Ba'amurke mai wasan dabbobi, P. T. Barnum, ya saye shi fam 2,000. Mutanen Ingila suka yi ca, jaridu suka yi ta kumfar baki, amma ciniki ya riga ya faɗa. Barnum kuwa gwanin talla ne, hayaniyar ma riba ta zame masa. Kafin jirgin ƙasa ya banke Jumbo a garin St. Thomas na Kanada a 1885, sunan ya kama bakin mutane, 'yan kasuwa na liƙa shi a kan duk hajar da ta fi sauran girma.

Wata kalmar Turanci ta girma, "mammoth", ta girme shi. Daga Rashanci aka aro ta, sunan wata giwa mai gashi da ta ƙare tun zamanin da, wadda ake haƙo haurenta a Siberiya. A 1802 manoman Cheshire a jihar Massachusetts suka kai wa Shugaban Amurka Thomas Jefferson cuku mai nauyin fiye da kilo 500. 'Yan adawa suka kira shi "mammoth cheese" don ba'a, sunan ya bi shi.

Mu Hausawa in muka ce wa mutum toron giwa, martabarsa muke nufi. Girman jiki kuwa muna da jibgege, shirgege da makeke. Shi ya sa mai fassara zai yi hattara da kalmar Turanci "elephantine", wato mai kama da giwa: tana ɗauke da zargin nauyin jiki da jan ƙafa, kuma in Bature ya siffanta ma'aikatar gwamnati da ita, ba kirari yake mata ba.