Jinyar Yaro Mai Sankarar Jini: Kada a Yaudaru da Sauƙin Watan Farko

Yawanci abin yakan fara ne kamar zazzaɓin cizon sauro. A ba yaro magani, zazzaɓi ya sauka kwana biyu ya dawo. Tafin hannu ya yi fari fat, yaron da ke tsalle-tsalle ya koma neman goyo saboda ciwon ƙafa, ga haɓo, ga kaluluwa a wuya. Wasu sai an yi musu ƙarin jini fiye da sau ɗaya kafin wani likita ya ce a ɗebo ɓargo a duba.

A ɓargo cutar take, inda jiki ke haɗa jini. Fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su danne lafiyayyun. Nau'in da likitoci ke kira ALL shi ya fi kama yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 5. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci ko kwanciya tare, kuma ba sakacin uwa ke jawo shi ba. Dangin miji su ji wannan da kyau.

Kuma ana warkewa. A 1948 ne Sidney Farber, wani likita a Boston ta Amurka, ya nuna cewa magani na iya kwantar da cutar, ko da na ɗan lokaci ne. Yau a manyan asibitocin can kusan yara 9 cikin 10 masu ALL suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. Makara wajen gano cutar da tsadar magani na cikin dalilai. Akwai kuma wanda ya fi ba ni takaici, wato katse magani a tsakiyar hanya.

Ga yadda abin ke faruwa. Zangon farko makonni 4 zuwa 6 ne, kuma shi ne mai zafi. Maganin prednisolone ko dexamethasone yana kumbura kumatu, ya sa yaro ci kamar ba gobe, ya tashi tsakar dare yana kukan tuwo, ya mari uwarsa ba dalili. Aikin magani ne, ba rashin tarbiyya ba, kuma yana wucewa. Gashi na iya zubewa, zai sake tsirowa. Ana yin allura a gadon baya, domin cutar takan ɓuya a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, inda maganin jijiya ba ya isa sosai. Bayan wannan zango yawancin yara sukan miƙe, gwaji ya nuna ba a ganin cutar. Sai maƙwabta su shigo barka, kuɗi kuma sun ƙare, wani ya ce, "Ai ya samu sauƙi, a bar wahalar da shi haka nan."

Rashin ganin cutar a gwaji ba ya nufin ta ƙare. Manomin da ya yi noman farko ya ƙi maimai ya san abin da zai tarar a gonarsa. Cikakken magani yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3, kuma mafi tsawonsa a gida ake yi: ƙwayar mercaptopurine kullum, methotrexate mako-mako, da komawa asibiti a auna jini. Idan cutar ta dawo bayan an katse, ta fi wuyar magani nesa ba kusa ba.

Sai maganar zazzaɓi. Maganin yana karya garkuwar jiki, don haka ma'aunin zafi ya zama dole a ɗakin. Ya nuna 38, a nufi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, kada a ba da farasitamol a ce a ga wayewar gari. A nisanta yaro da mai ƙyanda ko ƙarambau, kada a yi masa rigakafi sai da sanin likitansa. Abinci a dafa shi ya nuna, ruwa a tafasa, nonon da ba a dafa ba a haƙura da shi. 'Yan dubiya su wanke hannu, mai tari ya yi gaisuwa ta waya. Addu'a da tofi ba sa karo da magani, amma jiƙe-jiƙe na iya lahanta hantar da dama take fama da aiki.

Yaron kuma a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Kada a ce allura ba zafi. Ya gano ƙarya sau ɗaya, ba zai ƙara yarda ba. 'Yan'uwansa ma suna buƙatar a waiwaye su, don su ma jinyar ta shafe su.

Ku kuma dangi, "Allah ya ba shi lafiya" na da daɗin ji, amma uwar da ke kwana a kujerar asibiti tana buƙatar mai karɓarta ta runtsa. Wanda ba shi da kuɗin bayarwa, ya je ya ba da jini.